Libarbar Dala 3,200 da Rufin Gidan Hajiya

Assalamu alaikum Kawu. Ni direban tirela ne a jihar Texas, shekarata goma sha ɗaya a Amurka, ina da takardar zama ta dindindin, da mata da 'ya'ya uku, babban shekararsa tara. Wani abokin aikina Bature ya kai ni filin harbi sau biyu, na harba libarbarsa irin ta kaboyi, wadda sai ka ja gudumar baya da babban yatsa kafin kowane harbi. Tun ranar abin ya shiga raina. Yanzu na ga wata a shago, ƙirar Freedom Arms, Model 83, mai cin harsashin .454 Casull, dala 3,200. Mai shago ya ce babu kamarta a duniya. Abokina kuma ya ce in dai kuɗin zan kashe gara libarbar kamfanin Colt, don ita darajarta ba ta faɗuwa. Ƙarshen watan nan ni ke da ɗaukar adashi. Matsalar ita ce mun riga mun yi da Maman yara cewa kuɗin na rufin gidan da nake gina wa Hajiyata a Katsina ne, ginin ya kai linta. Na ce mata bindigar jari ce kamar gwal, kuma tsaron gida ce. Ta ce in na saya kada in sake yi mata maganar tattali. Yau kwana huɗu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Kawu, masu tsadar nan sun ci kuɗinsu, ko suna ne kawai? Kuma ta yaya zan fahimtar da ita?

Wa alaikumus salam, ɗana.

Tambaya biyu ka yi, ka sa mai sauƙin a gaba. Zan bi su yadda ka jera, don na san in ban fara da maganar ƙarfe ba, ba za ka tsaya jin maganar gida ba.

Mai shagon nan ya ƙara gishiri, amma ba ƙarya ya shara maka ba. Na fi shekara ashirin ina aiki a kan injin sassaƙa ƙarfe a ƙasar nan, kuma ranar da na fara riƙe Model 83 sai da na yi tsit. Ta wani dattijo ce da muke aiki tare. Ya zazzage ta, ya nuna mini babu komai a ciki, sannan ya miƙo. Na ɗaga ta saitin taga ina neman tsagar da ke tsakanin silinda, wato gangar nan mai juyawa da harsasai ke kwanciya a ramukanta, da gindin bututu. Kowace libarba dole a bar mata wannan 'yar tsaga, in ba haka ba silinda ba za ta juya ba, kuma ta nan ne wani ɓangare na ƙarfin albarushi ke tserewa. A tasa da ƙyar haske ke ratsawa. Na yago gefen takarda na gwada cusawa, ta ƙi shiga. Na ja guduma baya, na kama silindar da yatsa biyu na jijjiga. Ko gezau, kai ka ce walda aka yi mata. Duk libarbar da na taɓa riƙewa kafin ranar tana 'yar rawa, komai ƙanƙantarta.

Ga inda kuɗin ya shiga. Yawancin kamfanoni sukan huda ramukan silinda a inji ɗaya, su yi gangar jikin bindiga a wani, bututu a wani, sannan a zo a haɗa. Kowane ɓangare an yafe masa ɗan kuskure, rabin silin gashi nan, rabi can. Shi ya sa ake ɗan buɗa gindin bututu kamar mazurari, ya tarbi harsashin da ya zo a ɗan karkace ya miƙar da shi. Mutanen Freedom, wani ɗan ƙauye a jihar Wyoming a kan iyakarta da Idaho, ba haka suke yi ba. Sukan sa silindar da ba a huda ba a cikin jikin bindigar da za ta zauna har abada, su kulle ta, su zura abin huji ta ƙofar da bututu zai shiga, su fara rami ɗaya, su juya, su kulle, su fara na gaba. Kowane rami a kan layin bututunsa aka haife shi. Ko ƙarin silinda kake so daga baya, sai ka mayar musu da bindigar sun daidaita. Aiki ne mai cin lokaci, kai kuwa ka san abin da awa ɗaya ta ƙwararren ma'aikaci ke ci a ƙasar nan, tunda kana kai mota gareji.

Wahalar tana da dalili. Dick Casull, wanda harsashin ke ɗauke da sunansa, tun shekarun 1950 yake neman ɗura wa harsashin .45 wutar da tsohuwar Colt ba za ta iya ɗauka ba. Shi da Wayne Baker suka kafa kamfanin a 1978, bindigar ta fito a 1983, inda ta samo lambarta ke nan. Matsin da aka yarje wa tsohon harsashin .45 Colt fam 14,000 ne a kan kowane murabba'in inci. Na .44 Magnum 36,000. Na .454 Casull 65,000, wato sahun manyan bindigogin farauta masu dogon bututu. Saboda haka ramukanta biyar ne, ba shida ba, don a bar kauri tsakanin rami da rami. In tambayarka ita ce ko akwai aikin dala dubu uku a jikinta, to akwai. Wannan ba suna ake sayar maka ba.

Sai dai masu cin moriyar wannan aiki iri biyu na sani. Akwai 'yan gasar kayar da gumakan ƙarfe da ƙaramar bindiga: kaza a mita 50, alade a 100, talotalo a 150, rago a 200. A wannan nisa, rabin silin gashin da na faɗa maka shi ke raba wanda ya kayar da rago da wanda ya tayar da ƙura a gefensa. Akwai kuma mafarauta a Alaska da makamantanta, masu shiga dajin da beyar ke ciki, da masu bin manyan namun daji da libarba don son wahalar da kai. Kai kuwa zuwa biyu ka yi filin harbi. In na yi maka kara, kwali biyu na harsashi ka harba a duk rayuwarka.

Bari in faɗa maka abin da ya same ni, don kada ka ce Kawu daga littafi yake magana. Dattijon nan ya kai ni fili da bindigar tasa. Harbin farko, ta yi shuri ta miƙe sama har sai da na ga guduma a saitin goshina, zoben da ke kewaye da kunama ya buge mini gaɓar ɗan yatsan tsakiya. Na daure na yi na biyu, na yi na uku, ina murmushin ƙarfin hali. Sai ya karɓa ya ce bari ya ɗura mini da kansa, in juya baya. Na ɗana, na yi saiti, na matsa kunama. Ƙas! Ashe rami ya bar mini wayam. Babu wuta, babu ƙara, amma bakin bindigar ya yi ƙasa kamar ina neman harbin yatsun ƙafata, idanuna kuwa a runtse. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Harsashi uku kacal suka koya wa hannuna tsoro, kuma sai da na yi watanni da 'yar ƙaramar bindiga mai cin ƙaramin harsashi, .22, kafin tsoron ya fita. Bindigar ba ta da laifi. A kan benci, a hannunsa, ramukan da take yi a takarda har taɓa juna suke yi. A nawa hannun, da ita da ta dala 500 duk kanwar ja ce, ta 500 ɗin ma ta fi, don ba na jin tsoronta. Wanda bai taɓa hawan jaki ba, ba a fara masa da ingarman sarki ranar hawan daushe.

Kuma kada ka manta cin ta. Harsashin .454 ɗaya ya haura dala biyu. In ka ce za ka riƙa sa mata .45 Colt mai sauƙi, kamfanin da kansa ba ya son a yi haka a silindar .454, saboda gajeren kwanso yana barin zoben datti a cikin rami. Silinda ta dabam suke sayarwa don wannan, da nata kuɗin.

Yanzu Colt ɗin abokinka. Ita labarinta dabam ne, kuma a nan ne kalmar da ka yi amfani da ita, suna, ta fi zama daidai. Single Action Army ta fito a 1873, shekara goma sha ɗaya bayan mutuwar Samuel Colt, wanda ya kafa kamfanin, sojan Amurka suka fara saye a kan dala 13 kowace ɗaya, suka riƙe ta har 1892. Ita ce uwar duk waɗannan da muke magana. In ka ja gudumarta a hankali za ka ji ƙara huɗu, ƙas, ƙas, ƙas, ƙas, masoyanta suna cewa haruffan sunanta take karantowa. Jikinta na da launin nan mai kama da man fetur ya zuba a kan ruwa, shuɗi da toka-toka da ruwan ƙasa, wanda ake samu in an turbuɗe ƙarfe a cikin gawayin ƙashi an gasa, an tsoma a ruwa. Babu mai riƙe ta bai ji wani abu a ransa ba, ni ma na ji. Amma tsarin cikinta na 1873 ne, da siraran sifirin masu faɗi waɗanda kan karye in an matsa musu da aiki. Ba ta fi na bayanta saiti ba, ba ta fi su ƙarfi ba. Kamfanin ma tun 2021 wani kamfanin ƙasar Czech, CZ, ya saye shi, ko da yake a Connecticut ake ci gaba da ƙirar.

Ka san bambancin babbar riga mai aikin hannu, wadda wani tsoho a Zariya ya yi wata uku yana tsuke ido a kanta, da mai aikin kwamfuta. Duka biyun za su kai ka masallacin Idi, kuma daga sahu na biyar babu mai bambancewa. Wanda ya sani ne kawai zai matso ya kama bakin aljihu ya juya bayan ɗinkin. Mai aikin kwamfutar a nan su ne 'yan Italiya. Aldo Uberti ya fara a 1959 a Gardone Val Trompia, kwarin maƙeran bindiga a arewacin Italiya inda gidan Beretta yake tun 1526, kuma da shi da Pietta suna kwaikwayon Colt har ƙusa, a kan kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗinta. Ɗaya daga cikin manyan masu shigo da su, Cimarron, a Fredericksburg yake, cikin jiharku.

Sai Ruger, wadda nake kyautata zaton ita ka harba a hannun abokinka, don ita ta cika filayen. Colt ta daina ƙera tata lokacin yaƙin duniya na biyu. Bill Ruger ya lura fina-finan kaboyi sun tayar wa Amurkawa da ƙwaɗayin abin da babu a kasuwa, ya fito da Single-Six mai cin .22 a 1953, ya biyo da Blackhawk a 1955. Da Colt ta ga ana cin kasuwarta, ta dawo a 1956. Ruger ya rage tsada ta hanyar zubi: a siffata ɓangaren da kaki, a lulluɓe shi, a narkar da kakin, a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa, dabarar da maƙeran tagulla na Benin suka daɗe da sani. Ya kuma sa sifirin mai naɗi, irin wanda ba ya karyewa da wuri. Tana da aibunta. Kunamarta takan ɗan ja ƙafa kafin ta saki, in ka leƙa ciki za ka ga sawun inji da ba a goge ba, kuma ba ta da kyan uwar. Amma jaka ce mai kai kaya kasuwa ta dawo. Je ka kalli 'yan wasan harbin kaboyi, masu ƙungiyar SASS da aka kafa a 1987, mutanen da kan harba dubban harsasai a shekara suna sanye da malafa da takalmin sau-ciki. Kowannensu libarba biyu yake ratayawa, kuma akasari Ruger Vaquero ce ko 'yar Italiya. Da yawansu suna da Colt, tana gida a kulle.

Akwai wani bambanci da ya fi duk waɗannan muhimmanci ga mai 'ya'ya uku, kuma na tabbata mai shago bai tsaya a kansa ba. A tsohon tsarin Colt, in guduma na kwance, tsininta na iya zama a kan gindin harsashi. Bindiga ta faɗi ta bugu ta baya, sai ta tashi da kanta. Wyatt Earp, ɗan sandan nan da ake ta labarinsa, tasa ta suɓuce daga kugu a garin Wichita a 1876, harsashi ya huda masa kwat. Shi ya sa masana suke ɗura biyar a mai rami shida: sa ɗaya, tsallake ɗaya, sa huɗu, guduma ta kwanta a kan wayam. Model 83 ɗinka ma kamfanin cewa ya yi kada a ɗauke ta da harsashi a ƙarƙashin guduma, ka ga biyar ta koma huɗu. Ruger kuwa tun 1973 ta sa wani ɗan ƙarfe tsakanin guduma da tsini, wanda ba ya tasowa sai an matsa kunama har ƙarshe, har ma takan gyara tsofaffin nata kyauta in an aika mata. Wato a wannan fanni mai arahar ta fi yafe wa sabon hannu kuskure.

To, maganar jari. Ɗana, a nan ka yi wa kanka wayo kafin ka yi wa Maman yara.

Gaskiya ne akwai Colt da ta yi kuɗin da ba ya shiga hankali. A 2021 gidan gwanjon Bonhams ya sayar da wadda ɗan sanda Pat Garrett ya kashe shahararren ɗan bindigar nan Billy the Kid da ita a 1881, a kan sama da dala miliyan shida. Amma ba ƙarfe aka saya ba, labari aka saya, da takardun da suka tabbatar da shi. Masu tara irin waɗannan kaya har biyan Colt suke yi ta binciko musu a tsofaffin kundayenta ranar da bindiga ta fita da dillalin da aka aika wa. Sabuwar da za ka saya yau ba ta da labari. Abin da kawai zai riƙe mata daraja shi ne kada ka harba ta, kada ma ka yawaita ɗana ta, don in ba ka iya ba silinda za ta yi wani siririn zobe a jikinta, kuma idon mai saye a nan yake fara sauka. Ta zauna a kwalinta da takardunta shekara da shekaru. To kai da abin da ya shiga ranka shi ne jan guduma da ƙamshin albarushi, ina amfanin baɗi ba rai? In ka harba, ta tashi daga jari. In ka adana, ta tashi daga abin da ya kai ka shagon. Ban musa ba, Colt da Freedom Arms sun fi sauran riƙe kuɗinsu a hannu na biyu. Riƙe kuɗi dabam, haihuwa dabam.

Sannan ka rasa abin da za ka kwatanta mata da shi sai gwal, abin da ta fi ka sani nesa ba kusa ba. Sarƙarta, in ta matsu yau, za a ɗora a sikeli a Houston ko Dubai ko Kano, a faɗa mata kuɗin giram na ranar, ta karɓa kafin la'asar. Kai in ka matsu, shago za ka kai, mai shago kuma sai ya cire ribarsa da ta zaman da za ta yi a gilashi tana jiran mutum ɗaya cikin dubu mai son .454. Na ga wani ɗan'uwanmu ya kai tasa shagon jingina lokacin da aiki ya tsaya masa. Abin da suka taya, kunya ta hana shi faɗa mana sai bayan shekara. Ƙari a kan haka, gwal na bin mai shi gida. Wannan ba za ta bi ka ba. Dokar makamai ta Najeriya ta sa libarba da fistol cikin jerin haramtattun bindigogi, kuma fitar da ita daga Amurka ba tare da izini ba wani babban laifin ne mai zaman kansa. Ranar da ka ce ka gaji da tuƙi za ka koma Katsina, a nan za ka bar ta, a farashin da ka samu.

Tsaron gida ma ba zan daɗe a kansa ba. Bindigar da sai ka ɗana kafin kowane harbi, wadda ake ɗura wa harsashi ɗai-ɗai ta wata 'yar ƙofa a gefe, a fitar da kwanso ɗai-ɗai da tsinke, babu malamin harbi da zai zaɓa wa sabon shiga ita don tsakar dare. Harsashin da aka yi don beyar kuwa, bangon gidajen nan na allo ba zai ce masa komai ba, kuma bayan bangon ɗakin yaranka ne ko na maƙwabci. Kai ma rabin wata kana kan hanya. Tsaron wa za ta yi, kana Oklahoma tana cikin kabad? In ka ce za ka tafi da ita, kamfanonin tirela da yawa sun hana, kuma abin da ya halatta a Texas na iya kai ka kurkuku a New York ko New Jersey. Mai takardar zama irin taka, laifin bindiga ba tara kawai yake jawo masa ba, yana iya taɓa zaman nasa gaba ɗaya.

Mu zo ga tambayarka ta biyu. Ba fahimtar da ita za ka yi ba, ta riga ta fahimta. Ka sake karanta wasiƙarka a hankali. Matar nan ba don an hana ta leshi take fushi ba, ba don kuɗin zuwa gidansu ba. Rufin ɗakin mahaifiyarka take karewa, daga hannunka. Ni a shekaruna na karanta wasiƙun maza da yawa masu kukan matansu sun tsaya tsakaninsu da iyayensu, kai kuma Allah ya ba ka wadda ta tsaya wa taka uwar, kana neman dabarar kayar da ita. Kwana huɗun nan da ta yi shiru, ina jin ba dala 3,200 ce ta fi ci mata rai ba. Kun yi magana kun ajiye, ka zo ka sauya kai kaɗai, sannan ka naɗe sha'awarka cikin rigar jari da tsaro, kamar ita yarinya ce da za a yi wa wayo da alewa. Wataƙila ita ma akwai abin da ta haƙura da shi don zubin adashin nan ya cika duk wata, kai ka fi ni sani.

Sha'awa kuma ba laifi ba ce. Mutumin da ke kwana a bayan sitiyari daga wannan jiha zuwa waccan, yana aika wa na gida, yana biyan haya da inshora, yana da haƙƙin ya so wani abu don kansa kawai. Wasu tattabaru, wasu doki, wasu agogo. Da ka je mata ka ce, wance, abin nan ya shiga raina, ba shi da wani amfani sai jin daɗina, da wata maganar ake yi yanzu. Abin da za ka koma ka faɗa ke nan, bayan ka ba ta haƙuri a kan maganar gwal, ba tare da ka haɗa da "amma" ba.

Kuɗin adashi ya tafi inda aka yi da shi. Ginin da ya kai linta ba ya son jira. Damina ta same shi a buɗe, ruwa ya kwanta a ɗakuna, ciyawa ta fito, ga kuɗin kwano da katako da ba ka taɓa jin sun sauko ba. Hajiya kuma ba ƙuruciya take ƙarawa ba. Model 83 tun 1983 ake ƙera ta, in ta shagon nan ta tafi wata na nan tafe.

Bindiga kuwa, in Maman yara ta ce ba ta yarda a ajiye ta a gidan da yara suke ba, tana da wannan bakin, don ita ke kwana da su in ka yi tafiya. Filayen harbi da yawa suna ba da haya, ka je ka harba ka mayar. In ta yarda, abin da za ka fara saye ba bindiga ba ne, akwatin ƙarfe ne mai makulli, wanda ake ɗaurewa da ƙusa a ƙasa, harsashi kuma a wani wurin dabam. A Texas laifi ne ka bar bindiga mai harsashi inda yaro ɗan ƙasa da shekara 17 zai kai gare ta, kuma ɗan shekara tara ya san duk inda kake ɓoye abu, har wanda kai ka manta. Bayan akwati, ka biya kuɗin aji wurin malamin harbi. Sannan .22 irin ta kaboyin, Ruger Wrangler ko Single-Six, daga kuɗin aljihunka na ƙarin awoyi, ba daga tukunyar gida ba. Jan gudumar ɗaya ne, ƙas ɗin ɗaya ne, kuɗin harsashi ɗaya na .454 kuma zai saya maka fiye da ashirin nata.

Ka yi shekara da ita. Ma'auninka farantin takarda, irin wanda muke cin shinkafa da shi ranar suna, a manne a yadi 25, kana tsaye ba jingina. Ranar da biyar cikin biyar suka riƙa shiga ba sa'a ba, ka matsa zuwa Blackhawk mai cin .357, wadda ke karɓar .38 mai laushi ma. Mutane da yawa a nan suke tsayawa har tsufa, ba su rasa komai ba. In kuma bayan shekara biyu ko uku ka kai inda kana ganin hannunka ya fi bindigar, rufi ya hau, Hajiya ta tare, har yanzu ranka na Wyoming, to a lokacin ka cancanci aikin nan da na kwatanta maka, kuma za ka ji shi a hannunka. Ko a nan ba zan ce .454 ba, tunda babu beyar a Texas da ke jiran ka. Suna da ƙanwarta, Model 97, mai ƙaramin jiki, ana samun ta a .357 da .45 Colt, aikin ɗaya ne. Shawarata a ranar, duk abin da ka ware wa ƙarfenka ka ware mata kwatankwacinsa ta sayi nata gwal ɗin, na gaske.

Yau da dare, kafin ka buɗe baki, ka kira magini ya faɗa maka bandir nawa na kwano za a ci da kuɗin kowane a wannan makon, ka rubuta a takarda, ka shiga wurinta da takardar a hannu. Mai shago kuma in ya kira, ka ce masa sai ka iya.

Ka gaishe ta, ka gaida yaran. In kun yi waya da Hajiya a ce Kawu na gaisuwa.